Yoyon Iska a Idon Hagu

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Amma a rubuta a gefe cewa wawa ne mai sana'a a hannu, domin abin da likitocin Masar ba su gani ba da tulin karatunsu, ni na gano shi da aji huɗu na firamare da ruwa cokali ɗaya.

Sunana Ɗanjuma, amma daga Bakori har Funtua in ba ka ce Injiniya ba, ba wanda zai gane wa kake nema. Shekara arba'in ina gyaran injin ban-ruwa. Injin da ya ƙi jan ruwa a fadama, daga bakin hanya nake jin kukansa in gaya wa mai shi inda yake shan iska.

Minshari ne ya fitar da ni daga gida. Kar ku yi dariya. Hajiya, uwar yarana, ta ce ba minsharin ke damunta ba, ta saba da shi yadda mutanen bakin titi suka saba da tirela. Shirun da ke biyo baya ne. Wai sai in yi ta gurnani, sai in ɗauke ɗif, numfashi ya tsaya har ta fara salati, sannan in fizgo shi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ni ban san ana yi ba. Abin da na sani shi ne barci ya koma sata ta da rana tsaka: a huɗuba, a rumfata, har da loma a hannu. Ranar da ya sace ni a kan babur na farka cikin masarar wani bawan Allah ƙafafu a sama, ranar aka yanke shawara ba tare da an tambaye ni ba.

'Yata ta fari tana Alƙahira da mijinta, Malam Sadisu, ɗan Malumfashi, wanda ke dogon karatu a can a fannin ƙasar noma. Su suka ce in zo a duba ni. Ba zan rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, ban taɓa faɗinsa da baki ba, ba kuwa biro ne zai sa ni ba. Tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta, a can ta girma. Tsakanina da ita sai "Sannu Baba" kai a sunkuye, ni kuma in amsa ina duban bango. Yaran yanzu suna ce wa wannan ƙauyanci. To, haka muka taso. Ka ga ke nan an haɗa mani kunya biyu a gida ɗaya: ga 'yar fari, ga suruki.

Zangon farko filin jirgin Alƙahira ne. Wani ma'aikaci mai gashin baki ya buɗe jakata, ya ci karo da sifana uku da filaya, ya ɗaga su sama yana dubana. Na buga ƙirji na ce mashi, "Injiniya." Ya gyaɗa kai da girmamawa, ko kuwa ni na ga haka. Daga nan ya kwance ƙullin daddawar da Hajiya ta aiko wa 'yarta, ya kai hanci. Bawan Allah bai ƙara taɓa komai ba, ya yi mani nuni da hannu in wuce, da sauri.

Gidansu a hawa na bakwai yake. Akwai wani akwatin ƙarfe da ke hawa da mutane, na leƙa na ga igiyar da ke riƙe da shi, na ce a bar ni da ƙafata. Ta taga ba ka ganin gona, ba ka ganin ko bishiyar kuka ɗaya, sai bene bayan bene, da shanyar mutane tana lilo a sama. A lokacin kuwa masara ta fara fid da kai a gida. Wata safiya na ji jaki yana kuka can ƙasa cikin hayaniyar motoci, sai na tsaya a taga ina lalubensa da ido. Jaki fa, wanda ko kallo bai ishe ni ba a Bakori.

A asibiti suka kwantar da ni kwana ɗaya, suka manna mani wayoyi a kai da ƙirji kamar janaretan da aka buɗe za a yi wa aiki. Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta kai sa'ar 'yata ba. Malam Sadisu ne tafinta. Ta ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci, ta kawo wani ɗan inji kamar rediyo, da tiyo, da wani takunkumi da ke rufe hanci da baki, sak irin wanda ake sa wa shanun huɗa kar su ci shuka. Injin zai riƙa tura iska, hanyar ta zauna a buɗe. Na duba shi sama da ƙasa na ce aikin ba laifi. Famfo ne, sai dai iska yake turawa maimakon ruwa.

Ta ƙara magana biyu. Ta farko, in rage ƙiba. Ta biyu kuwa, sai da Malam Sadisu ya yi gyaran murya sau uku.

"Baba, wai ta ce... in takunkumin bai zauna daidai ba, iska kan fita ta gefe ta riƙa busa ido. To in aka ga haka, wai sai an ɗan..." Ya shafa haɓarsa, idonsa a ƙasa.

"An ɗan me, Malam?"

"An ɗan rage, Baba."

Gemuna! Gemun da na fara tarawa tun kafin a haifi likitar. A nan take na ƙudurta a raina: ko idona zai faɗo ƙasa, ba wanda zai ji cewa iska na fita ta gefe.

Da muka koma gida da yamma, Malam Sadisu ya ce bari a gwada mani. Igiyoyin takunkumin ta bayan kai suke bi, ba yadda za a yi sai an cire hula. Ya nemi gafara sau biyu, ya sa hannu biyu ya ɗauke ta. Ana cikin haka yarinyar ta shigo da tire. Ku dubi abin da ta gani: ubanta zaune, sanƙo a waje, takunkumi a baki, mijinta tsaye a kansa yana jan igiya. Ta ajiye tiren a hankali ta fita.

Barci kam na yi shi. Rabona da irinsa tun ina saurayi. Na tashi da asuba kaina sakayau, kamar an wanke mani shi da sabulu. Amma idona na hagu ya yi jawur, yana ƙaiƙayi kamar an zuba mashi yashi, ga kwantsa, ga hawaye na zuba ba ƙaƙƙautawa. Rabin filon ya jiƙe. Na ce to, ga abin da aka faɗa ya zo, na juya filon kar a gani.

Malam Sadisu yaro ne mai bin doka. Tun da likita ta ce a rage ƙiba, ya shiga kasuwa ya yi ta jido kokwamba da latas da kifi gasasshe, abincin zomo. Ni kaɗai nake ci a ɗakina, don ba a cin abinci gaban suruki. Yarinyar ta zo ɗaukar kwano, ta tarar da ni zaune gaban kokwamba, hawaye na ɗiga a kai ɗis, ɗis. Ba ta da bakin tambayata. Ni kuma ba ni da bakin gaya mata.

Washegari, mijin na fita makaranta, na ji an ajiye kwano a bakin ƙofa. Tuwon masara, miyar kuka, man shanu yana yawo a sama. A nan wautar ta fara kama jiki, domin na ce a raina ashe hawayen nan suna da amfani. Na cinye tas, na side yatsu. Kwana biyar ina kuka da safe, ina cin tuwo da rana.

Amma fa injiniya ba ya zama da yoyo a gida. Na fara sauka ƙasa neman abin gyara. A gindin benen akwai wani mai faci, Abu Sayyid, ƙato, mai tumbi da haƙoran gaba biyu kacal. Larabcina na allo ne, nashi na kasuwa, ba sa gaisawa da juna. Ranar farko na tarar yana zagin injinsa na hura taya. Na tsaya na saurara, na ɗaga mashi yatsa, na hau bene bakwai na ɗauko sifana, na sauko. Kafin shayinsa ya huce injin ya tashi. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, yana ta "Ya Hajji! Ya Hajji!" ni da ban taɓa zuwa Makka ba. Daga ranar na samu benci da kofin shayi mai na'a-na'a, kullum, bai taɓa yarda na sa hannu a aljihu ba. Hira muke da hannu da gira, kuma wallahi na fi fahimtarsa a kan wasu da muke yare ɗaya.

Shi ya yanko mani roba daga tsohon tif ɗin taya. Duk tiyon da ke shan iska a fadamar Bakori da irinta nake ɗaure shi, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na naɗe takunkumin da ita ta bayan kai, na ja, na ƙara ja, har kunnena na ƙara. Na bi gefensa da yatsa mai yawu, ko'ina ya toshe, iska ba ta da ta inda za ta bi. Gari ya waye, ido ya fi jiya ja. Ga kuma shatin roba ya kwanta mani a kumatu, ruɗu-ruɗu, kamar wanda aka zabga wa bulala.

Ranar Juma'a a bakin masallaci wani ya yi mani sallama da Hausa. Hausa, a tsakiyar Larabawa! Na riƙe hannunsa na ƙi saki. Ya tambaye ni daga ina, na ce Bakori, ya ce ai shi ɗan Mahuta ne. Na tambaye shi mutum uku na Mahuta, duk ya ce sun rasu. Ɗaya daga cikinsu kuwa na gyara mashi inji sati biyu kafin in taso. Na ji abin bambaraƙwai, amma kewar gida ta toshe mani kunne. Ya dubi idona ya girgiza kai.

"Baba, wannan ai ba aikin asibiti ba ne. Ga kwalli nan na Madina, na asali, saura ƙulli ɗaya. Don kai na gida ne."

Na saya da tsada, na yi mashi addu'a a kai. Ban san abin da ya daka ba, ko gawayi ne ko baƙin tukunya. Na rambaɗa shi kafin in kwanta. Da safe ido ya kumbura ya rufe, baƙi ya zagaye shi har kumatu, hawayen ma baƙaƙe. Na dubi madubi na ga mutumin da ya sha naushi a dambe.

Yarinyar ta kawo ruwan zafi, ta ɗago kai karo na farko tun zuwana, ta dube ni. Butar ta kusa suɓuce mata.

Kafin azahar waya ta yi ƙara. Hajiya ce daga gida.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, yaron nan ya taɓa ka?"

"Wane yaro?"

"Kar ka raina mani hankali. An ce ya tuɓe maka hula. An ce ganye yake ba ka kamar akuya. Yau kuma an ce fuskarka ba ta kalluwa."

Da a nan na buɗe baki, da an gama. Amma in na ce ido ne, za a ce asibiti. In aka je asibiti, za a ce gemu. Ga kuma abin da ya fi gemun ciwo: a ji a Bakori cewa inji ya gagari Injiniya. Sai na ce, "Ba komai."

Kun dai san mu. In dattijo ya ce ba komai da irin wannan murya, to komai ɗin ke nan.

Cikin kwana uku magana ta zaga. Hajiya ta gaya wa yayata, yayata ta hau mota ta tafi Malumfashi wajen mahaifiyar Malam Sadisu, ba da wasa ba. Ni ina hawa na bakwai a Masar, ana shari'ata a tsakar gidan da ban taɓa kwana ba. Yaron ya rame, ya bar cin abinci. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Baba, in akwai abin da na yi, don Allah a faɗa mani, a yafe mani."

Hawaye na zubo mani ta ido ɗaya, na kau da kai na ce, "Ba komai, Malam."

Ya tashi kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Ranar da abin ya kai maƙura, da la'asar ne. Bangon gidajensu ba kauri, ina jin su. Ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Ubana bai yi kuka ba ranar da aka binne mahaifiyarsa. Kowa ya sani. Sai a gidanka?"

"Wallahi tallahi ban..."

"Ka nemo mana tikiti biyu. In Baba zai koma, da ni zai koma."

Sai na ji ƙarar akwati ana jan shi a ƙasa. Aure shekara goma sha biyu, ko yaji ba ta taɓa yi ba, ga shi zai mutu a kan gemuna.

Me na yi? Na gudu. Na sauka wajen Abu Sayyid na zauna a benci kamar kayan wanki. Ya dubi fuskata, bai yi alamar tambaya ba, ya miƙo shayi ya koma aikinsa. Wani tif ne ke ba shi wahala, ya hura shi, ya shafa ko'ina, bai ji huji ba. Sai ya danna shi cikin bahon ruwa yana juyawa a hankali. Can sai ga kumfa, ƙanana, a jere, ba daga jikin tif ɗin ba, daga gindin bawul, inda aka taɓa yin tsohon faci.

Na ajiye kofin.

Na ce wa kaina, Ɗanjuma, kai fa injiniya ne, yi tunani irin na aiki. In ta gefen takunkumi iska ke fita, don me ido ɗaya kawai? Kuma roba ba ta ƙarya, na toshe ko'ina. Sannan akwai wani ɗan sanyi da nake ji in injin na aiki, can a lungun idon ta wajen hanci, kamar ana hura mani da tsinken ciyawa. Daga ciki yake fitowa, ba daga waje ba.

Sai tsohon facina ya faɗo mani. Shekara talatin da suka wuce, hannun tayar da wani tsohon inji ya kuɓuce ya doke ni a karan hanci. Bayan ya warke, idon hagu ya riƙa tara ruwa yana ruɓa, don 'yar hanyar da ke kai hawaye cikin hanci ta toshe. A wani asibitin ido na 'yan mishan aka yi mani aiki, aka huda sabuwar hanya. Na warke sarai har na manta. Ko likitar ban gaya wa ba, don ta tambaye ni ciwon zuciya da sukari ne, ba ta tambaye ni hanci ba. To duk bututun da ruwa ke sauka ta cikinsa, in ba bawul, iska za ta hau ta cikinsa in aka matsa mata. Wannan ko a mafarki aka tashe ni na sani.

Ranar ce na fara shiga akwatin ƙarfen nan. Na rufe ido, na yi kalmar shahada, ya kai ni hawa na bakwai.

Akwatinta na tsakar falo. Na tsaya na ce, "Malam, zo. Ke ma zo." Ban taɓa kiranta kai tsaye ba sai ranar. Suka zo suna duban juna. Na cire hulata da hannuna na ajiye. Na kwanta a kan kafet, na ɗaura takunkumi, na nuna wa Malam Sadisu kofin ruwa da cokali, na nuna mashi lungun idona, na kunna inji.

Ya ɗiga ruwan a lungun idon. Injin na ta huci.

"Innalillahi! Kumfa! Baba, idonka na kumfa!"

Ta matso, ta durƙusa daf da kaina, kusan da ba ta taɓa yi ba tun tana jaririya. Na ji numfashinta a goshina. Ga kumfa nan na tashi ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan fito, tsii.

Na kashe inji, na cire takunkumi, na tashi zaune na gyara riga. Na yi masu bayani dalla-dalla, yadda nake yi wa manoma: ga famfo, ga bututu, ga inda bawul ya kamata ya kasance. Na ce shatin kumatu roba ce, baƙin ido kuwa aikin wani ɗan Mahuta ne da bai san Mahuta ba. Na ce, "Yaron nan bai yi mani komai ba sai alheri. Hawayen nan ba nawa ba ne, na inji ne. Ko ɗigo ɗaya babu nawa. A mayar da akwatin nan ɗaki."

Malam Sadisu ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya yana share fuska. "Baba, kwana goma sha tara! Don me ba a faɗa ba?"

Na shafa gemuna, ya gane, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ita ma ta yi dariya, gajeriya, ta ja akwatinta ta mayar. Daga nan ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Na ce ko albasa take yankawa.

A asibiti kuwa, ranar na ci kasuwa. Likitar ta fara da cewa gefen takunkumi ne, ta kai dubanta ga gemuna. Na ce wa Malam Sadisu, "Ce mata ta kawo ruwa." Na hau gadonsu na sake yin gwajin. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sunkuyo. Ta fita da sauri ta dawo da wasu likitoci huɗu da ɗalibai, aka yi layi ana kallon idona yana kumfa. Ta ce ta taɓa karanta irin haka a littafi, amma ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta taɓa jin majiyyacin da ya gano wa kansa ba. Ta tambaya a wace jami'a na yi karatun injiniya. Na ce a gaya mata fadamar Bakori.

Ta ce iskar ce ke busar da idon duk tsawon barci, shi kuma yana zubo ruwa don ya kare kansa. Ta yi mani faɗa kan roba, ta ninka shi kan kwalli, ta ce na yi sa'a ban rasa idon ba. Ta rage ƙarfin injin kaɗan, ta ba ni wani man shafawa a ido, ta canza mani takunkumi da wani babba mai rufe fuska gaba ɗaya har idanu, kamar gilashin mai walda. In iska ta matsa daga ciki, ta tarar da 'yar uwarta ta matsa daga waje, sai kowa ya tsaya a inda yake. Na ce wannan lissafi ne mai kyau, da ni ma shi zan yi. Gemu kuma, an ɗan taɓa shi ƙasan leɓe, faɗin yatsa ɗaya. Ni na riƙe almakashin da hannuna, saboda haka ba a ce an rage mani ba.

Cikin mako ɗaya ido ya washe. Na sauka na yi sallama da Abu Sayyid, na bar mashi sifana guda, ya sumbace ni a kumatu biyu, abin da ko Hajiya ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. A filin jirgi yarinyar ce ta riƙe jakar injin, ta ƙi ba mijinta. Da za mu rabu ta miƙo mani ita ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Sai na ji ido ya kawo ruwa, na dama kuwa, wanda ba a taɓa yi wa faci ba. Na yi maza na ce, "Ragowar iskar nan ce," na juya na bi layi.

Yanzu ina gida. Na haɗa wa injin batir da farantin hasken rana da hannuna, don wutarmu ba abin dogaro ba ce. Barci nake kamar jariri, na koma hawa babur, huɗuba kuma har ƙarshe nake jin ta. Ranar kasuwa rumfata ba ta rabuwa da mutane, kowa na so ya ji yadda likitocin Masar suka yi layi. Na faɗa ya fi a ƙirga, kuma kullum likitocin ƙaruwa suke.

Rannan da hantsi ina zaune a tsakar gida ina maimaita wa wasu baƙi daga Matazu, Hajiya na gefe tana tsince wake. Na kai wajen da na fi so, na ɗaga murya don ta ji.

"Na ce masu ko ɗigo ɗaya babu nawa! Da cokali ɗaya na ruwa na ɗaure auren da ya kusa kwancewa. Hajiya, ƙarya na yi?"

Ba ta ko ɗago kai daga faifan ba.

"Ba ka yi ƙarya ba, Injiniya. Shekara talatin da huɗu yarinyar nan tana jiran ranar da ubanta zai buƙace ta. Ta ga hawayenka, ta haɗa kaya za ta bar mijinta dominka, kai kuma ka tara su ka kawo mata hujja cewa na inji ne. Sai ka gaya wa baƙin naka a wane lungu ita take yoyo, tun da kai daga bakin hanya kake ji."